Nababa, Alƙalin Kiɗan Ƙarfe

In ka shiga kasuwar Birnin Gwari ta layin masu gyaran waya, ba sai ka tambayi shagon Nababa ba, kunnenka zai kai ka. Gajeren mutum ne mai kauri, ya ba arba'in baya, sana'arsa gyaran rediyo da sifika da tura wa mutane waƙoƙi a memori. In ka kira shi mai gyara zai amsa, amma don ladabi ne kawai. Abin da yake ji da shi daban ne. Shi ne alƙalin kiɗan ƙarfe na garin nan, kuma ba wanda ya naɗa shi sai kunnensa.

Ɗan ƙauyen Tabanni ne. Mahaifinsa manomin masara ne, ya so yaron ya gaje shi, amma Nababa tun yana ƙarami in an tura shi korar tsuntsu a gona, sai a tarar ya jera gwangwanayen korar yana buga su ɗaya bayan ɗaya don ya ji wanda ya fi zaƙi, tsuntsaye kuwa suna can suna biki. Da tsohon ya gaji da duka, ya kawo shi gari ya damƙa shi ga wani mai gyaran rediyo. Ya ce tunda kunne Allah ya ba shi ba hannun fartanya ba, to ya je ya ci abinci da shi.

Yana saurayi, bai daɗe da buɗe nasa shagon ba, aka kawo masa wata motar Beljiyam sabuwar sauka wadda rediyonta ya haɗiye faifai ya ƙi tofarwa. Ya kwance ya zaro faifan. Mai motar ya ce ba nasa ba ne, na Baturen da ya sayar da ita ne, a jefar. Nababa ya sa shi don gwaji kawai. Ganguna suka ɓarke kamar injin casar masara, jita ta biyo su a guje, sai wata murya ta taso daga ƙasa ta kama hawa. Ta hau, ta hau, inda kake jiran ta karye sai ta ƙara hawa, ta je can sama ta tsaya ta ƙi saukowa. Bai farga ba sai da ya ji ƙaurin teburinsa, ƙarfen narka dalma yana cin katako. Bai gane kalma ɗaya ba, har yau ma Turancinsa na sayen kayan gyara ne, amma daga ranar ya kamu.

Da wayoyi masu intanet suka zo, ya bi sawu har ya gano cewa Turawa pawa metal suke ce wa kiɗan, shi kuma ya sa masa kiɗan ƙarfe. Ya gano mai muryar ma, sai dai sunansa na karya harshe, don haka ya raɗa masa Dogon Numfashi. Albam-albam ɗin kuwa da hoton bangonsu yake kiran su: mai mikiya, mai jirgin ruwa, mai baƙin doki. Matarsa Saude ta tarar da wannan murya a gidan tun tana amarya. Da farko ta ɗauka mijin nata ya gamu da iska, daga baya ta saba, har takan ce tana gane ranar da aka yi ciniki daga ƙarfin sautin da ya sa da safe.

A hankali majalisa ta taru a gindin rumfarsa, kowace Juma'a bayan la'asar. Akwai Usama tela, mai saurin yarda da saurin dariya. Akwai Salmanu, Bafulatani dillalin shanu, wanda ya ce shi gangunan ne suka kama shi don sun yi masa kama da garke in ya firgita. Akwai wasu samari 'yan tsiraru, cikinsu har da Abdulkahar, ƙanin wani abokin Nababa, wanda Nababan ne da hannunsa ya fara tura wa Dogon Numfashi a waya. Maƙwabta suna ce musu masu kiɗan aljanu, su kuwa ko a jikinsu. Ana fara kiran magariba ake kashe sifika, wannan ba a taɓa saɓa shi ba.

Aikin majalisar guda biyu ne. Ana jera albam, wane ne na ɗaya wane ne ke bi masa, a yi ta musu har jijiyar wuya ta tashi, amma maganar ƙarshe ta Nababa ce, kuma mai mikiya na Dogon Numfashi bai taɓa sauka daga sama ba. Sannan ana yi wa mawaƙa shari'a. Dokar Nababa ita ce ba a auna mawaƙi da abin da ya yi a situdiyo, don can inji ne ke yi masa kwalliya. A fili, a kan dandamali gaban jama'a, nan ake gane wanda Allah ya ba murya. Kuma ko an samo bidiyon wasan, ba a kallo. Ana haɗa waya da babbar sifika a kife ta a kan tebur. Nababa ya ce ido maƙaryaci ne, da ya ga dogon gashi da wuta da hayaƙi sai ya yafe wa mutum laifinsa. In waƙa ta ƙare kowa sai ya dubi fuskar Nababa. In ya lumshe ido, mawaƙi ya haye. In ya taɓe baki, ya faɗi ke nan, ko uban wa ya tsaya masa.

Shekarar da daji ya ɓaci har aka datse layin waya, dangi daga Tabanni suka cika masa gida, hanyar Kaduna ba a bin ta sai da rakiyar soja, kowa yana cikin zullumi. Allah ya yafe wa Nababa, amma a wannan baƙar shekara ce sarautarsa ta fi yi masa daɗi. Ba intanet, ba inda za a samo sabon abu ko tsoho sai cikin kwamfutarsa. Abin da ya sa shi ake ji, abin da ya ce shi ne gaskiya. Mutum in ya ɗanɗana irin wannan, da wuya ya yarda a raba da shi.

Shi kuwa Abdulkahar a lokacin ya riga ya koma Kaduna, yana tsaron shagon wani mai sayar da darduma da labule. Bayan hanya ta yi sauƙi, sai ga Usama ya shigo shago da safe ko sallama bai ƙarasa ba, ya ce ubangidan Abdul ya tafi da shi Turkiyya sarin kaya, kuma a can Abdul ya ga fosta a bango, ya sayi tikiti, ya shiga ya kalli Dogon Numfashi ido da ido. Yana nan tafe gida duba mahaifiyarsa, zai ɗan jima.

Nababa ya ce masha Allah. Bakinsa ne ya faɗa, zuciyarsa ba ta sa hannu ba. Ya koma kan rediyon da yake gyara ya kasa gane wayar da ya cire. Shi da ya bi muryar nan tun Abdul bai fara gemu ba, shi da ya san inda mutumin ke jan numfashi a kowace waƙa, yana nan yana shaƙar hayaƙin dalma, mai dakon darduma ya je ya tsaya ya shaƙi iska ɗaya da shi. Hassada ce, ba ta da wani suna, kuma ya san ita ce. Sanin bai rage masa komai ba.

Ranar Juma'a majalisa ta cika har da waɗanda suka daɗe da ɗauke ƙafa. Abdulkahar ya zo da tsarabar alewa, ya rusuna ya gaida Nababa da Yaya kamar yadda ya saba, bai canza ko kaɗan ba, abin da ya ƙara ƙona wa Nababa rai ke nan. Da ya zo da girman kai ai da an samu abin kamawa. Aka kewaye shi da tambaya. Ya ce gangar ba a kunne ake jin ta ba, a ƙirji ake ji. Ya ce mutumin ya manyanta, gashin ya yi fari, yana ɗan ɗingishi, amma da ya buɗe baki sai da tsikar jikinsa ta tashi. Ya ce in an zo amshi sai ya miƙa wa jama'a makirufo, dubban mutane su ɗauka baki ɗaya, shi Abdul har ya tsinci kansa yana hawaye.

To kowa ya san hukuncin Nababa a kan wannan. Ya sha kayar da mawaƙa saboda shi. Ya ce mawaƙin da ya mai da 'yan kallo 'yan amshi gudun aiki yake yi, irin mai gonar da ya kira gayya ya jingina da fartanya. Abdul ya ce, ba da wata manufa ba, shi ma haka ya ɗauka sai da ya je, amma a can karramawa ce, jama'ar ma abin da suka zo yi ke nan. Salmanu ya gyaɗa kai ya ce lallai gani ya kori ji.

Aka kife waya aka sa wani mawaƙi. Da waƙar ta ƙare Nababa ya shirya fuskarsa kamar kullum, sai ya ga ba wanda yake kallon sa. Duk idanu suna kan Abdulkahar. Kafin magariba har jerin albam aka taɓa. Abdul ya ce waƙoƙin mai jirgin ruwa sun fi na mai mikiya tashi a fili, Usama nan take ya ce shi ma dama ya daɗe yana jin haka. Usama da bai taɓa jin komai ba sai an ji masa.

Haka Juma'o'i suka yi ta tafiya. Nababa yana zaune a kujerarsa, sifikarsa ce, rumfarsa ce, wutar janaretansa ce, amma ya zama mai danna waya kawai. Abin haushin kuma, cikinsa cike yake da tambayoyi. Yana so ya san ko mutumin yana rufe ido in zai hau saman nan, ko yana shan ruwa tsakanin waƙoƙi, ko muryar tasa ta magana siririya ce ko mai kauri. Abdul ya sha leƙowa ranakun aiki ya ce ya zo su yi hira su biyu, Nababa sai ya ce aiki ya yi masa yawa. Ya gwammace ya mutu da ƙishi da ya roƙi ruwa a hannun yaron da ya raina.

To akwai wani abu da Nababa ya daɗe yana ɓoyewa. Shekarun baya ya ci karo da bidiyon wani wasa da Dogon Numfashi ya yi a fili ana ruwa, ba shi da lafiya. Da ya zo hawan nan nasa, muryar ta tsage ta zube. Ya sake gwadawa ta sake zubewa. Ya durƙusa a kan dandamali ya dafa ƙirji yana ba jama'a haƙuri, daga nan aka wuce da shi asibiti aka yi masa aiki a maƙogwaro, ya warke ya dawo. Ranar da Nababa ya gani sai da ya share hawaye. Ya tura bidiyon wani lungu na kwamfuta bai taɓa nuna wa kowa ba, kamar yadda ɗa ke rufa wa uba asiri.

Wata safiyar Juma'a ya tono shi, ya sa a gida ƙasa-ƙasa don ya tabbatar yana nan yadda ya san shi. Saude tana tankaɗe ta tsaya.

"Baban Ummi, wannan ba mutuminka ba ne? Me ya same shi?"

Ya ce tsohon abu ne, zai kai majalisa ne kawai a ji. Ta dube shi, ta dubi wayar. Ta zauna da shi shekaru, ta san tun dawowar Abdul tuwo ba ya shiga yadda ya saba.

"In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.

Da la'asar, bayan an zazzauna, Nababa ya gyara murya ya ce tunda labarin wasan bana ake ta yi, shi ma ya samo ɗaukar wani dare daga cikin rangadin banan, gara a ji da kunne a huta da jita-jita. Ƙarya ce tsagwaronta, kuma bai taɓa yi wa majalisa ƙarya ba sai ranar. Ya haɗa waya da sifika ya kife ta. Dokar da ya kafa don kada ido ya ruɗi kunne, yau ita ce za ta hana a ga ruwan sama, a ga baƙin gashin da ke nuna tsohon wasa ne, a ga mutum durƙushe yana ba da haƙuri.

Ganguna suka taso, jita ta biyo, muryar ta kama hawa. Salmanu har ya fara lumshe ido. Sai ta tsage. Ta sake tasowa ta sake zubewa, wani irin kuka mai ban tausayi, sannan aka ji jama'a sun ɗauki amshin. Nababa ya kashe daidai nan. Ɗaya bayan ɗaya idanu suka juyo kansa. Ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba, ya ji kuma kamar ya haɗiyi garwashi. Ya taɓe baki.

Ya ce ga dalilin miƙa makirufo nan kowa ya ji. Murya ta ƙare, shi ya sa ake neman agajin jama'a. Ya ce ba laifin Abdul ba ne, yaro ya je baƙuwar ƙasa ya ga fitilu da hayaƙi, dole ido ya cinye masa kunne. Inda ba ƙasa ai nan ake gardamar kokawa, yau kuwa ga ƙasa an zo.

Salmanu ya juya ya tambayi Abdulkahar ko haka ya ji a can. Abdul ya kalli wayar da ke kife, tana kusa da gwiwarsa, hannu ɗaya zai miƙa ya juya ta magana ta ƙare. Nababa ya ga inda idonsa ya sauka. Amma juya wayar nan daidai yake da ce wa Nababa maƙaryaci a gaban mutane, a rumfarsa. Abdul ya ɗauke ido.

"Kunnen Yaya ya fi idona," in ji shi.

Shi ke nan shari'a ta ƙare. Da aka kira magariba kowa ya tashi neman buta, Abdul ya tsaya har aka watse. Nababa yana naɗe wayar sifika, ya ƙi ɗagowa.

"Yaya, wannan na shekarar da aka yi masa aikin maƙogwaro ne. Na san shi, na daɗe da gani."

Nababa ya ci gaba da naɗi.

"Ni da nake tsaye a wurin nan, kai nake ta tunawa. Duk abin da ya yi sai in ce bari in riƙe wa Yaya wannan. Da ka tambaye ni, da na ba ka shi duka."

Ya yi masa sai da safe ya tafi masallaci. Cikin satin ya koma Kaduna. Yakan kira da Sallah su gaisa, in ya zo gari yakan tsaya a bakin shago ya yi sallama, amma bai sake zama a majalisa ba, kuma bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya sani ba.

Juma'ar da ta biyo, Nababa ya samu abin da ya nema. Kowa fuskarsa yake kallo. Sai dai Usama ya zo da sabon wasa. Ya kama maƙogwaro ya kwaikwayi muryar tana tsagewa, ya ƙara da tari, majalisa ta kwashe da dariya. Nan take aka sauya wa Dogon Numfashi suna ya koma Mai Mura. Nababa ma ya yi dariyar, ba yadda zai yi, shi ya kawo ta. Sannan Usama ya zare memorinsa ya miƙo, ya ce tunda mutumin ya faɗi a goge masa albam ɗinsa duka, suna cinye masa wuri. Wasu biyu suka miƙo nasu. Nababa ya sa a kwamfuta, ya ga mai mikiya a sama inda shi da kansa ya ɗora shi, ya danna ya goge. Sai a lokacin ya lura cewa a duk garin nan mutum ɗaya ne ya so muryar nan kamar yadda yake son ta, kuma shi ne wanda ya kora.

Salmanu ya gyara zama ya jingina sandarsa.

"To Malam Nababa, yanzu wa ke na ɗaya?"

Suka zuba masa ido suna jira. Sunaye suna nan a kansa birjik, ya san ƙarfin kowa da rauninsa, wanda duk ya faɗa za a karɓa ba musu. Ya ce a bari sai wata Juma'ar.

An yi Juma'o'i da yawa tun daga ranar. Majalisa tana nan, ana kife waya, ana kallon fuskarsa, hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara. Amma in aka ce ya jera albam, daga na biyu yake farawa.